RUWA, WUTA DA ITACE: TSOHON LABARIN DAJIN KURNI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, damina ta wuce. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Haki ya fara bushewa a daji. Nan da ƴan kwanaki iskar hunturu za ta taso daga gabas. Wannan shi ne lokacin wutar daji. Shi ya sa a wannan wata za mu yi zancen abubuwa uku da ba su rabuwa: ruwan sama, wuta da itace. Za mu ɗauki misali da ƙasar Kurni, kudu da Matamaye, cikin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar Najeriya. Amma labarin zai kai mu nesa, har duwatsun Abzin, kuma zai maida mu baya ƙwarai, tun kafin kakannin kakanninmu.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. A karanta sannu-sannu. In an gaji a ajiye, gobe a ci gaba.

Tudun da kake nomawa

Manomin Kurni ya san gonarsa. Yawancinta jigawa ce, rairayi mai laushi wanda hauya ke shiga ba wuya. Tudu ya hau, ya sauka, wani tudun ya biyo baya. Tsakaninsu akwai kwari inda ruwa ke kusa. Ka taɓa tambayar kanka wa ya jera waɗannan tuddai haka?

Iska ce ta jera su. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, duniya ta yi sanyi ƙwarai, ruwan sama ya ja baya. Hamada ta sauko kudu, ta wuce inda muke zaune yanzu, ta kai har wajajen Kano. A lokacin nan ƙasar Kurni da ta Kance da ta Magarya tulin rairayi ne mai tafiya, irin wanda mutanen ayari ke gani a hanyar Bilma. Wani malamin Ingila mai suna Grove ya bi ƙasar Hausa ya duba waɗannan tuddai, ya rubuta labarinsu a shekara ta 1958. Ya nuna cewa tsohuwar hamada ce wadda haki da itatuwa suka kama, suka hana ta motsi.

Ke nan rairayin bai tafi ko'ina ba. Yana nan ƙarƙashin geronmu. Saiwa ce ta ɗaure shi.

Lokacin da hamada ta yi kore

Bayan wannan dogon fari, sai Allah ya juyo da ruwa. Masu ilimin taurari sun ce yadda duniya ke karkata a gaban rana yana sauyawa a hankali, zagaye ɗaya na ɗaukar shekara wajen 20,000. In zafin bazara ya ƙaru a ƙasashen arewa, iskar damina mai fitowa daga teku takan yi ƙarfi, ta kai hadari nesa. Haka aka yi kimanin shekara 11,000 da suka wuce. Ruwa ya kai har tsakiyar Tenere.

Shaidu na nan, ba tatsuniya ba ce. A wani wuri da ake kira Gobero, cikin jihar Agadas, masu bincike sun tarar da tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000. Kaburbura wajen 200 ne a bakin wani tafki da ya ƙafe. Kusa da su an samu ƙashin kada, da na dorina, da na giwar ruwa, da mashin kamun kifi na ƙashi. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen da suka sassaƙa hoton raƙumin dawa a kan dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Wanda ya sassaƙa shi ya san dabbar da idonsa, domin bai manta ko da zanen jikinta ba.

Tafkin Cadi kuwa ya cika ya batse, har faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 300,000. A shekara ta 1987 wani Bafillace makiyayi yana gina rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe ta Najeriya, sai ya ci karo da wani babban itace a zurfin mita 5. Ashe kwalekwale ne. Malaman jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙa shi da itace dangin maɗaci, kuma shekarunsa sun kai 8,000. A dubi wannan: rijiyar makiyayi ce ta fito da ɗaya daga cikin jiragen ruwa mafi tsufa a duniya.

Amma ko a wancan zamani na albarka, ruwa bai tsaya wuri ɗaya ba. Kaburburan Gobero sun nuna cewa mutanen farko sun tashi sun bar wurin kimanin shekara 8,000 da suka wuce, domin tafkin ya ƙafe. Wurin ya zauna ba kowa kusan shekara 1,000. Da ruwa ya komo, wasu mutane dabam suka zo suka zauna, su ma daga baya fari ya kore su.

Littafin da ke ƙarƙashin tafki

To, yaya aka san irin itatuwan da ke akwai a lokacin, da kuma ko wuta na cin daji? Ga yadda ake yi.

Kowane itace da kowane haki yana da fure. Cikin furen akwai wani gari mai laushi, irin wanda ke kama maka riga in ka ratsa gonar gero lokacin da ya yi bununi. Iska na kwasar wannan gari, wani ya faɗa cikin tafki ya nutse cikin laka. In wuta ta ci daji, ƙananan gutsattsarin gawayi su ma sukan tashi tare da hayaƙi, su faɗa cikin ruwa. Shekara ta zagayo, sabuwar laka ta rufe ta bara. Haka ake ta yi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar yadda ake jera tabarmi. Ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama ita ce sabuwa. Garin fure ba ya ruɓewa cikin laka in iska ba ta shiga.

Masu bincike sukan kafa dogon bututun ƙarfe cikin tsakiyar tafki, su zaro lakar yadda take, ba tare da sun dama ta ba. Sai su yanka ta ƙanana-ƙanana, su duba da madubin nan mai girmama abu, irin na ɗakin awon jini a likita. Garin furen kaɗanya dabam, na aduwa dabam, na haki dabam. Sai su ƙirga. Akwai kuma awon da ke faɗin shekarun kowace shimfiɗa.

An yi wannan aiki a Tafkin Tila, kan tudun Biu, cikin ƙasar Barno. Tafki ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Wani malamin Jamus, Ulrich Salzmann, da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani a shekara ta 2002. Lakar ta ba da labarin fiye da shekara 11,000. A farkon zamanin ruwa, tudun ya fi yanzu sanyi, har wani irin zaitun na kan duwatsu ya yaɗu a wurin. Itatuwan kurmi irin na kudu suka kewaye tafkin. Daga kimanin shekara 7,000 da suka wuce ruwa ya fara raguwa sannu a hankali. Wajen shekara 4,000 da suka wuce, itatuwan ƙasar fari masu ƙaya suka shigo, na kurmi suka ja baya.

Ga abin da ya fi ba da mamaki. Tun daga ƙasan bututun har samansa, gawayi bai yanke ba. Kuma garin furen haki bai yanke ba. Ke nan ko lokacin da ruwa ya fi yawa, wurin bai zama rufaffen kurmi ba. Daji ne mai itatuwa da dogon haki a tsakaninsu, wuta na bi ta cikinsa a kai a kai. Wata tsawa ce ke tada ta, wata ɗan Adam ne. Wuta ta riga noma zuwa wannan ƙasa.

An sake irin wannan bincike a ƙasar Manga, arewa da Gashuwa, dab da iyakar Nijar, inda ke da kwaruruka tsakanin tuddan rairayi kamar namu. Can ma laka ta nuna cewa a da kwaruruka cike suke da ruwa da itatuwan fadama, tudu kuma daji ne mai haki. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, daji ya koma irin wanda muka sani yau. Ƙasar Manga da ƙasar Kurni iska ɗaya ke kawo masu hadari. Abin da ya sami waccan, da wuya a ce bai sami wannan ba. Kwarin Korama da ake noman rake da kayan lambu a cikinsa yau, sauran wancan ruwa ne.

Abin lura a nan shi ne yadda abubuwan uku ke riƙe da juna. Ruwa ke kawo haki. Haki in ya bushe shi ne abincin wuta. Wuta kuma ita ke zaɓen itacen da zai rayu. Kaɗanya tana da ɓawo mai kauri, wuta ta wuce ta bar ta. Kalgo da sabara da taramniya ko sun ƙone a sama, sai su tofo daga ƙasa. Amma ƙaramin itace mai ɓawo siriri, wanda bai fi tsawon haki ba, wuta ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa shekarar fari ba a cika ganin babbar gobara ba, don ba abin da za ta ci. Shekarar da aka yi ruwa mai kyau, ita ce shekarar tsoro.

Abin da duwatsu suka ɓoye

Da ruwa ya ja baya, itatuwan zamanin albarka suka mutu a fili. Amma wasu sun sami mafaka a kan duwatsu. Bisa dutse akwai sanyi. Cikin tsagar dutse ruwa na daɗewa, kuma haki bai da yawan da zai kawo wuta wurin.

A duwatsun Abzin, kan Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022 kuma ba wurin da ya fi shi tsawo a Nijar, har yanzu akwai wani zaitun na daji. Ɗan'uwan zaitun ɗin nan ne da aka ambata cikin Alƙur'ani mai girma, sai dai ganyensa sirara ne, ƴaƴansa ƙanana. Malaman Nijar da na Faransa sun hau sun ƙirga su, suka bayyana bincikensu a 2008. Sun tarar itatuwan ba su da yawa, kuma da wuya a ga ƙaramin da ya tsiro daga iri. Awaki da raƙuma na cin ganyensu. To, me ya riƙe su har yau? Kututture. In reshen sama ya mutu, sai gindin ya sake tofowa. Haka itace ɗaya ke sabunta kansa, ɗaruruwan shekaru. Can arewa kuma, a duwatsun Tasili na Aljeriya, akwai wani irin itace wanda duka duniya bai fi guda 240 da suka rage a daji ba, wasunsu sun fi shekara 2,000.

Ku riƙe zancen kututturen nan, za mu komo kansa.

Shi kuwa itacen nan tilo na Tenere, wanda ayari ke saka alama da shi, mota ce ta buge shi a 1973. An ɗauko gangar jikinsa an kai gidan tarihi na Yamai. Shekaru ya jure ma fari, amma bai jure ma direba ɗaya ba.

Gonaki uku na gwajin wuta

An daɗe ana gardama a kan wuta. Wasu na cewa tana gyara daji, wasu na cewa tana kashe shi. A shekara ta 1936 wani ma'aikacin gandun daji Bafaranshe mai suna Aubréville ya ce a gwada a gani. Kusa da garin Buwake, a ƙasar Kwadibuwa, ya shata filaye uku, kowane hekta 2. Hekta ɗaya ita ce gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Fili na farko aka hana masa wuta sam. Na biyu ana sa masa wuta da wuri, cikin watan Disamba, tun haki na da sauran ɗanye. Na uku sai cikin watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau.

Aka yi ta haka shekara da shekaru. Bayan shekara 60 aka sake ƙirgawa. Filin da aka tsare ya zama kurmi mai duhu. Wanda ake ƙonawa da wuri yana da itatuwa da dama, musamman inda ƙasa ke da ƙarfi. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya koma filin haki, itatuwa ƴan kaɗan suka rage. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, lokacin wuta kawai ya bambanta.

Amma a kula. Kada wani ya karanta wannan ya ce jarida ta ba da izinin wutar wuri. Ruwan Buwake ya ninka namu sau biyu. Hakinsu irin gamba ne, mai tsohuwar saiwa da ke zama a ƙasa shekara da shekara. In an ƙone shi da wuri sai ya sake fitar da ɗanyen ganye, shanu su samu. Namu ba haka yake ba. Yawancin hakin ƙasarmu, irin su ƙarangiya da burburwa, daga iri yake tsirowa kowace damina, ya yi ƴaƴa, ya mutu. In ya ƙone a watan Nuwamba, ba abin da zai fito sai an yi ruwan shuka. Wata 7 ko 8 ke nan bisashe na kallon baƙar ƙasa. Wani irin ma ya ƙone tare da hakin. Iskar hunturu kuma ta samu rairayi tsirara. A ra'ayinmu, a ƙasa irin ta Damagaram wutar daji ba ta da lokaci mai kyau.

Gawo da sarki

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya bi hanyar Matamaye da rani, abin da zai fara gani shi ne gawo. Ko'ina cikin gonaki yake, kore shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Halin gawo dabam ne. Da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare ma gero rana. Ganyen da ya zuba taki ne. Saiwarsa na ƙara ma ƙasa ƙarfi kamar yadda ta wake ke yi. Da rani yana ba da inuwa, bisashe su kwanta ƙarƙashinsa su bar kashi. Ƴaƴansa kuwa kowane mai kiwon rago ya san kuɗinsu a kasuwa. A Bambey ta ƙasar Senegal an auna a shekarun 1960, aka ga geron gindin gawo ya ninka na fili sau biyu ko fiye.

Irin gawo yana da tauri. Ya fi saurin tsirowa in ya bi ta cikin saniya ko akuya ya fito tare da kashi. Ke nan dabbar makiyayi ce ke shuka shi, manomi ke renonsa. Dajin gawo na ƙasar Kance ba na mutum ɗaya ba ne, aikin su biyu ne.

Sarakunan da sun gane haka. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo. Abin da ake faɗa har yau shi ne, wanda ya sare gawo ba izini, kansa ne a bakinsa. Hukuncin ya yi tsauri, ba wanda ke son a komo da shi. Amma ya nuna darajar itacen a idon mutanen wancan zamani.

Da Turawa suka zo, sai aka shiga wani tsoro: wai hamada na tafiya kudu. Wani Bature ɗan Ingila, Stebbing, ya ratsa ƙasashen iyaka a 1934, ya rubuta cewa rairayi zai cinye ƙasar Hausa. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka tura tawagar haɗin gwiwa, ta bi iyakar Nijar da Najeriya a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Aubréville na cikinta. Ba su ga hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da suka gani shi ne ɓarnar da ake yi a wuri-wuri, ta sara da ƙona. A 1935 kuma Faransa ta riga ta fito da dokar daji wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma.

Sai zamanin gyaɗa ya zo. Matamaye da Magarya suka zama uwar gyaɗa a Nijar. Aka buɗe sababbin gonaki, aka tumɓuke kututture don garma ta wuce. A lokacin ana ganin gona mai tsabta ita ce wadda ba itace a cikinta. Ruwa kuma ya yi kyau a shekarun 1950 da farkon 1960, don haka ba wanda ya damu.

Daga 1968 ruwa ya fara ja baya. Tsofaffi sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914, daga bakin iyayensu. Sai ga fari na 1973 ya zo, bisashe suka mutu ba adadi. Cuta ta faɗa ma gyaɗa a 1975. Sannan 1984, shekarar da mutane suka sa ma suna El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Manyan itatuwa suka bushe a tsaye. Wasu aka sare su aka sayar don a sayi cimaka. Mata na tafiya nesa neman itacen girki, wasu suka koma dafa tuwo da kara da kashin shanu. Manomi ya shuka, iska ta binne shukar da rairayi, ya sake, har sau uku.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: dokar daji ta 1974, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, ta sa manoma da yawa tsoron itace. Gawo na cikin itatuwan da aka hana taɓawa. Mutum ya ga in ya bar shi ya girma a gonarsa, gobe in ya sassabe reshe a ci shi tara. Sai ya gwammace ya cire shi tun yana ƙarami, ba wanda ya gani.

Kututture ya tofo

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A daidai wannan lokaci, a ƙauyukan Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da abin da manoma suka daɗe da sani. Ƙananan tsiron da ake sarewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa, suna neman tashi. In an zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi aka bari, aka cire sauran, cikin ƴan shekaru sai ga itace. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Dabarar da zaitun na Bagzam ya rayu da ita, ita ce dai wannan.

A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka kama barin gawo. Mutane sun yi yawa, fiye da 100 a kowane murabba'in kilomita a wurare da dama. Ba sauran daji, ba hutun gona, takin zamani kuma da tsada. Gawo ya zama takin talaka. A shekara ta 2006 malamin nan ɗan Nijar, Mahaman Larwanu, da abokan aikinsa suka zagaya waɗannan ƙasashe uku. Suka ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka komo cikinsu sun kai hekta miliyan 1, yawanci gawo ne matasa. An gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na 2005, aka ga bambancin a fili. A Nijar duka, an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ruwan da ya ɗan komo tun shekarun 1990 ya taimaka, amma ruwa kaɗai ba ya hana gatari.

Doka ma ta biyo baya. An fito da dokar karkara a 1993, da sabuwar dokar daji a 2004. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da wata takarda musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Wanda ke da shakka ya je wurin ma'aikacin gandun daji a Matamaye ya tambaya, kafin ya ɗaga gatari.

Wutar bana

Wani zai ce: mu a Kurni ina muka ga dajin da zai ƙone? Gaskiya ne, babbar gobara ba ta cika tashi inda ko'ina gona ce ba. Amma wuta ba ta bar mu ba, sauya kama ta yi.

Ta farko ita ce wutar sharar gona. Da bazara mutum ya tara kara da ƙaya da busasshen ganye, ya cinna. Sau da yawa tarin yana kusa da gindin itace, don nan sharar ta taru. Babban gawo zai ji ciwo ya warke. Ƙaramin da aka rena shekara 2 ya tafi ke nan. Karan da aka ƙone kuma, da an bar shi kwance, gara za ta ci ta maida shi ƙasa, ya tare rairayi, ya riƙe laima. Toka na da ɗan amfani, amma mafi yawan ƙarfin karan yana tafiya cikin hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe ta kafin ruwa ya sauka. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai ba mu ga kasuwar ba tukuna. In akwai ƙaya da dole sai an ƙone, a ja ta tsakiyar fili, nesa da itace, a cinna da yamma lokacin da iska ta kwanta, a tsaya har ta mutu.

Ta biyu ta fi nisa, amma ta fi ciwo. Da damina garken shanu da tumaki na hawa arewa, wajen Tanut da Gure, bayan iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Can ne haki ke shimfiɗe ba iyaka. Can ne kuma guntun taba ɗaya, ko garwashin shayi da aka bari, ko wutar mai neman zuma, ke cinye makiyaya ta tafiyar yini guda cikin dare ɗaya. In haka ta faru, makiyayi ba shi da zaɓi. Dole ya kora kudu kafin lokaci. Ya iso ƙasar Kance wake na gona, dawa ba a yanke ba, ranar sakin gonaki ba ta yi ba. Daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai gaban sarki. Rikicin da ake yi a bakin gona a Kurni, wani lokaci a Tanut aka kunna shi.

Ruwan ƴan shekarun nan kuma yana zuwa da ƙarfi. Kowa ya tuna daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram cikin watan Satumba. Irin wannan damina na barin haki mai yawa a arewa, arziki ne babba, amma kun ji abin da lakar Tila ta nuna game da haki mai yawa.

Maganin da ma'aikatan kiwo da na gandun daji ke yi shi ne hanyar tare wuta. Ana share haki a dogon layi mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar gabas, har ƙasa ta fito fes. Wuta in ta iso ba ta samun abin ci, sai ta tsaya, ko ta rage ƙarfi har mutane su iya kashe ta da ɗanyen reshe da rairayi. Aikin na son a yi shi da zarar haki ya fara bushewa, cikin Oktoba da Nuwamba. In an bari sai Janairu, an makara. Hakin da aka share ba a zubar da shi: a ɗaure, a ɗora ma amalanke, a adana don watan Afrilu da Mayu, lokacin da damin haki ke tsada. Samarin Kurni masu tafiya cin rani su tambayi mai gari ko ma'aikacin kiwo inda ake ɗaukar ma'aikata bana, su tafi da manjagara da igiya.